Daga Honolulu zuwa Guam: Dalilin da ya sa tafiya ɗaya ke cin awa 8 a wani jirgi, awa 14 a wani

A wasu ranakun mako, jirage biyu na kamfanin United Airlines kan tashi daga filin jirgin saman Honolulu da ke jihar Hawai ta Amurka, dukkansu sun nufi tsibirin Guam a yammacin tekun Fasifik. Bisa jadawalin da aka saba da shi, na farko kan ɗaga da safe wajen ƙarfe bakwai da rabi, na biyu kuma sai bayan ƙarfe biyu na rana. Duk da tazarar kusan awa bakwai da ke tsakanin tashinsu, su biyun kan sauka a Guam kusan lokaci guda, wajen ƙarfe shida na yamma. A kalandar mutanen Guam kuwa, ranar saukar tasu washegarin ranar da suka tashi ce, alhali babu wanda dare ya riska a hanya.

Jirgin rana yana tafiya ne kai tsaye. Na safe kuwa yana ya da zango a tsibirai biyar kafin ya isa. Wannan shi ne amsar a taƙaice, amma ba ta bayyana inda kowace awa ta tafi ba, ba ta kuma faɗi dalilin da zai sa kamfani ya ci gaba da bin doguwar hanya fiye da shekara 50 ba.

Honolulu tana kan tsibirin Oahu ne, filin jirginta kuma yana ɗauke da sunan marigayi Sanata Daniel K. Inouye tun shekarar 2017. Na Guam an raɗa masa sunan Antonio B. Won Pat, mutum na farko da ya wakilci tsibirin a Majalisar Wakilan Amurka. Guam ƙaramin wuri ne, faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 550 ba, mutanensa kuma sun ɗan haura 150,000 a ƙidayar 2020. Amurka ta karɓe shi daga hannun Sifaniya a 1898, saboda haka wanda ya tashi daga Honolulu ya sauka a Guam bai bar ƙarƙashin tutar Amurka ba, ko da yake ya yi tafiyar da ta ɗara ta Legas zuwa Dubai.

Yadda ake auna nisan

Tazarar da ke tsakanin filayen biyu kilomita 6,117 ce, wato mil 3,801. Matuƙa jirgi ba su cika amfani da ɗayan waɗannan ma'aunai ba. Nasu shi ne mil na teku, wanda ya kai kilomita 1.852, kuma da shi tazarar ta kama kimanin 3,300.

Ba a samun wannan adadi ta hanyar ɗora ma'auni a kan taswirar bango. Duniya ƙwallo ce, duk taswirar da aka shimfiɗa a takarda kuwa sai ta miƙe wani yanki ta tauye wani. Idan aka ɗauki lemo aka ɗiga alama biyu a bayansa, aka ja zare a tsakaninsu har ya yi tsauri, inda zaren ya kwanta nan ne hanya mafi kusa. Masana suna kiranta hanyar babbar da'ira, domin in aka zarce da zaren har ya zagaye lemon zai raba shi gida biyu daidai wa daida.

Lissafin ba shi da wuyar bi. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an kuma kasa shi digiri 360, kowane digiri ya tashi kimanin kilomita 111 ke nan. Honolulu na kan digiri 21 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Guam kuma na kan digiri 13 da rabi. Daga gabas zuwa yamma akwai digiri 57 a tsakaninsu. In aka haɗa waɗannan ta ƙa'idar auna kusurwa a bayan ƙwallo, bakan da ya haɗa wuraren biyu zai ba da digiri 55. A ninka 55 sau 111, sai a samu abin da ya ɗan haura 6,100.

Akwai wani abin mamaki a nan. Guam na kudu da Honolulu da kusan digiri 8, mai kallon taswira zai zaci jirgi zai karkata kudu maso yamma tun daga farko. A hanyar babbar da'ira kuwa yamma sak ake fara fuskanta, har da ɗan jirkicewa zuwa arewa, sai an yi nisa sannan hanyar ta riƙa gangarowa kudu sannu a hankali. Layin yana wucewa ta gefen wani ɗan tsibiri mai suna Wake, ƙasa da kilomita 100 daga gare shi, kuma wannan kusanci yana da amfanin da za a zo kansa.

A aikace jirgi ba ya kwanciya a kan zaren daidai. Masu tsara tafiya kan kauce wa hadari, su nemi inda iska ta fi sauƙi, su kuma bi umarnin masu kula da zirga-zirgar sama. Don haka abin da jirgi ke ci a zahiri yakan ɗan zarce adadin da ke rubuce.

Gudun jirgi da gudun iska

Jirgin da ke tafiya kai tsaye ƙirar Boeing 777 ne, mai gudun kusan kilomita 900 a awa idan ya daidaita a sama. In aka raba 6,117 da 900 za a samu awa 6 da minti 48. Jadawalin kamfanin kuwa yakan ba da kusan awa 8 a zuwa Guam, da awa 7 da 'yan mintuna a dawowa.

Kashi na farko na bambancin ya fito ne daga yadda ake ƙirga lokacin. Awannin da ke jikin tikiti suna farawa ne daga sa'ar da aka tura jirgi baya daga ƙofar shiga, su ƙare sa'ad da ya tsaya cak a ƙofar sauka. A ciki akwai rarrafen da yake yi zuwa bakin titin tashi, da jiran layi, da hawa sama, da saukowa, duk kuwa a gudun da bai kai na tsakiyar tafiya ba. Kamfanoni kan kuma ƙara 'yan mintuna na ko-ta-kwana don kada a riƙa rubuta musu makara.

Kashi na biyu na iska ne. Jirgi yana ninƙaya a cikin iska kamar yadda kwalekwale ke tafiya a kogi, in ruwa na gudu tare da shi ya yi sauri, in yana gaba da shi ya ja baya. A can sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga doron ƙasa, akwai wani kogin iska mai kwarara daga yamma zuwa gabas a arewacin Fasifik, wanda ke ƙara ƙarfi ya kuma matso kudu a watannin hunturu. A ɗauka, don misali kawai, iskar na gudun kilomita 50 a awa a tsawon hanyar. Mai zuwa Guam zai riƙa cin kilomita 850 a awa, tafiyar ta kai awa 7 da minti 12. Mai dawowa zai ci 950, ya isa cikin awa 6 da minti 26. Minti 46 ke nan a tsakani, ga jirgi ɗaya da hanya ɗaya.

Ga jiragen ruwa masu filafilai na dā, lamarin a juye yake. A fuskar teku a wannan yanki iskar da Turawa suka laƙaba wa sunan iskar fatauci ce ke kaɗawa, ita kuwa daga gabas take zuwa yamma. Jiragen Sifaniya da suka yi shekara 250 suna safara tsakanin Acapulco ta Meziko da Manila ta Filifin, daga 1565 zuwa 1815, sukan yi tafiyar yamma cikin kamar wata uku, galibi su tsaya a Guam su ɗebi ruwa. Komawa gabas sai sun haura arewa can wajen Japan neman iskar da za ta tura su, su shafe wata huɗu zuwa shida, yunwa da cuta na kashe ma'aikatansu a hanya.

Ranar da ke ɓata a tsakiyar teku

Agogon Honolulu na bayan na Greenwich da awa 10, na Guam kuma na gabansa da awa 10. Tsakaninsu awa 20 ke nan. In an kwatanta da Najeriya, Honolulu na baya da awa 11, Guam na gaba da awa 9.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan ita ce a raba shi biyu. Ta fuskar rana, Guam na bayan Honolulu da kusan awa 4, tunda duniya na juya digiri 15 a kowace awa kuma akwai digiri 57 a tsakani. Ta fuskar kalanda kuwa Guam na gaba da yini guda cur, saboda layin sauya kwanan wata, wanda ke bin digiri na 180, ya ratsa tsakaninsu. A cire 4 daga 24, saura 20.

Saboda haka wanda ya bar Honolulu da ƙarfe 2:15 na ranar Litinin, ya yi awa 7 da minti 45 a hanya, agogon hannunsa zai nuna ƙarfe 10 na daren Litinin, na bangon filin jirgin Guam kuwa ƙarfe 6 na yammacin Talata. Mai dawowa shi ke cin riba: ya bar Guam da ƙarfe 7 na safiyar Talata, ya sauka Honolulu wajen ƙarfe 6 na yammacin Litinin, ya kwana ya sake wayar gari a Talata. Mutane da dama kan yi kuskuren ranar kama ɗaki a otal ko ranar haɗa jirgi na gaba saboda wannan, kuskuren kuma na yini guda ne cif.

Ayarin Ferdinand Magellan, wanda ya isa Guam a watan Maris na 1521, shi ya fara cin karo da matsalar. Magellan kansa an kashe shi a Filifin, amma ragowar mutanensa da suka kammala zagaya duniya sun isa tsibiran Cape Verde a 1522 suna lissafin Laraba ce, mutanen gari suka ce musu Alhamis ce. Sun yi ta bin rana zuwa yamma har suka yi asarar fitowarta sau ɗaya ba su sani ba.

Babu wata yarjejeniyar duniya da ta shata layin, kowace ƙasa ita ke zaɓar ɓangaren da za ta tsaya. Tsibirin Kwajalein, wanda ke kan hanyar jirgin safe, ya daɗe yana bin kwanan watan Amurka saboda sansanin sojan da ke can, alhali sauran Tsibiran Marshall na ɗaya ɓangaren. A watan Agustan 1993 aka daidaita shi da sauran ƙasar: mazauna wurin suka kwanta daren Juma'a 20 ga wata, suka wayi gari Lahadi 22 ga wata. Har yanzu ma'aikatan sansanin daga Talata zuwa Asabar suke aiki, don makon aikinsu ya zo daidai da Litinin zuwa Juma'ar Amurka.

Babu wurin sauka sai ɗigo biyu ko uku

Abin da ya bambanta tafiya tsakanin tsibirai da tafiya a kan tudu shi ne rashin mafaka. Jirgin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yana da filayen da zai iya karkata zuwa gare su in wani abu ya taso. Tsakanin Honolulu da Guam kusan duk ruwa ne.

Tun 1953 dokar Amurka ta hana jirgin fasinja mai inji biyu yin nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka. Da injuna suka ƙara inganci sai aka sassauta a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS: minti 120 a 1985, sannan minti 180 a 1988. Ma'anarsa, a kowane wuri a kan hanya dole ne a sami filin da jirgin zai kai da inji ɗaya cikin lokacin da aka ƙayyade masa, kuma dole man da ya ɗauka ya ishe shi hakan. Boeing 777 ya fara aiki a 1995 da izinin minti 180 tun daga ranar farko.

A nan ne ƙananan tsibiran da ba a ko ganinsu a taswira ke da daraja. Wake na kimanin kilomita 3,700 yamma da Honolulu da 2,400 gabas da Guam, yana hannun rundunar sojan saman Amurka, babu jirgin fasinja da ke zuwa can bisa jadawali, amma titinsa a buɗe yake ga wanda larura ta kama. Midway na kimanin kilomita 2,100 arewa maso yammacin Honolulu, yanzu gandun tsuntsayen teku ne, duk da haka ana kula da titinsa saboda wannan dalili. A watan Yulin 2014 wani Boeing 777 na United da ya nufi Guam da fasinja 335 da ma'aikata 13 ya karkata zuwa Midway da dare bayan an ji wani wari a cikinsa. Mutanen suka jira a tsibirin har aka aiko wani jirgi ya mayar da su Honolulu.

Waɗannan tsibirai biyu su ne zangon farko da aka kafa a wannan hanya. A 1935 kamfanin Pan American ya aika jirgin ruwa da kayan gini ya kafa masauki a Midway da Wake. Ranar 22 ga Nuwamban shekarar jirginsa mai suna China Clipper, wanda ke tashi da sauka a kan ruwa, ya bar gaɓar San Francisco ƙarƙashin Kyaftin Edwin Musick ɗauke da wasiƙu fiye da 110,000. Ya tsaya a Honolulu da Midway da Wake da Guam, ya isa Manila ranar 29 ga wata, bayan awa 59 da minti 48 a sama, a matsakaicin gudun kimanin kilomita 220 a awa. Daga Honolulu zuwa Guam kaɗai sai da ya yi tashi uku, kowanne na yini guda, ana kwana a tsakani.

Doguwar hanya

Jirgin safe, mai lamba 154 a zuwa da 155 a dawowa, shi ake yi wa laƙabi da mai tsallen tsibirai. Daga Honolulu yakan sauka Majuro, babban birnin Tsibiran Marshall, sai Kwajalein, sannan ya shiga Tarayyar Mikronesiya ya tsaya a Kosrae da Pohnpei da Chuuk, kafin ya ƙarasa Guam. Ba kullum yake tashi ba, kuma a wasu ranakun yakan tsallake Kosrae.

Zangon farko shi ne mafi tsawo, kimanin kilomita 3,670 cikin awa 5, wato ya ɗan ɗara nisan Kano zuwa Jidda. A cikinsa ake ƙetare layin sauya kwanan wata, wanda ya tashi 7:30 na safiyar Litinin ya sauka Majuro wajen 10:30 na safiyar Talata. Sauran gajeru ne: kusan kilomita 430 zuwa Kwajalein, 650 zuwa Kosrae, 550 zuwa Pohnpei, 700 zuwa Chuuk, sai ɗan abin da ya haura 1,000 zuwa Guam. Ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Kosrae, a sake mayar da shi a Chuuk. Jimillar tafiyar kimanin kilomita 7,000 ce, cikin awa 14 da rabi in komai ya tafi daidai.

Ƙarin nisan bai wuce kilomita 900 ba, amma ƙarin lokacin ya kusa awa 7, kuma ana iya bin sawunsa. Kilomita 900 ɗin na cin awa ɗaya da 'yan mintuna. Jirgin da ya daɗe yana wannan aiki, Boeing 737-800, bai kai 777 gudu ba, yana yin kamar kilomita 830 a awa, wannan ya ƙara fiye da rabin awa. Tsayawa biyar, kowace ta kimanin minti 40, sun haura awa 3. Ragowar, wajen awa ɗaya da minti 40, tana tafiya ne a sauka da tashi biyar da jirgin kai tsaye ba ya yi. Majuro zuwa Kwajalein misali ne mai kyau: a cikakken gudu rabin awa ce, amma da ƙyar jirgin ke kai tsayin da ya dace kafin ya fara saukowa, sai ta ci kusan awa guda. In aka raba nisan duka da lokacin duka, matsakaicin gudun tafiyar bai kai kilomita 500 a awa ba.

Kamfanin Air Micronesia, wanda Continental Airlines ke da hannu a cikinsa, shi ya buɗe hanyar a 1968, lokacin da tsibiran ke ƙarƙashin riƙon amanar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka damƙa wa Amurka tun 1947. Da jirgi ƙirar Boeing 727 aka fara, titunan sauka da dama kuwa na dakakken murjani ne, har sai da aka yi wa cikin jirgin rufi na musamman don kada tsakuwa ta lalata shi. United ta gaji hanyar bayan haɗewarta da Continental a 2010.

Wasu al'adun wancan zamani suna nan. Jirgin na tafiya da bakanikensa da kayan gyara, domin in ya lalace a Kosrae babu wanda zai duba shi sai an aiko daga Guam. Matuƙa huɗu yake ɗauka, biyu su ja zangon Honolulu da Majuro, biyu su ja sauran, saboda doka ta iyakance awannin da matuƙi zai yi yana aiki. A kowane zango ana binciken cikin jirgin kafin sababbin fasinjoji su hau. A Kwajalein, inda Amurka ke gwajin makamai masu linzami, wanda ba shi da izini ba ya sauka daga jirgi, ɗaukar hoto ma an hana. Galibin 'yan ƙasar da ke sauka a nan jirgin ruwa suke hawa zuwa Ebeye, wani ɗan tsibiri da dubban mutane ke cunkushe a filin da bai kai rabin murabba'in kilomita ba.

Titunan sauka gajeru ne. Na Kosrae mita 1,750 ne, na Chuuk kimanin 1,830, ruwa kuma na jira a ƙarshensu. Matuƙi kan dire jirgin da ƙarfi ya taka birki sosai, motar 'yan kwana-kwana na tsaye kusa ko da birkin zai yi zafi fiye da kima. Ga ruwan sama, domin Pohnpei da Kosrae na cikin wuraren da suka fi ko'ina samunsa a duniya. Ranar 28 ga Satumban 2018 wani Boeing 737 na kamfanin Air Niugini da ya taso daga Pohnpei ya faɗa ruwa kafin ya kai bakin titin Chuuk, cikin ruwan sama da gajimare. Mutum 47 ne a ciki. Masu ƙananan jiragen ruwa na garin da wasu sojojin ruwan Amurka suka kwashe su, mutum ɗaya ya rasu. Masu bincike sun gano cewa matuƙan sun ci gaba da saukowa duk da gargaɗin da na'urar jirgin ta yi ta yi musu. Shi ya sa in yanayi ya ɓaci, abin da ya kamata matuƙi ya yi shi ne ya wuce tsibirin ya nufi na gaba, ko da kuwa akwai masu sauka da masu jira.

Masu yawon buɗe ido kan sayi tikitin wannan hanya da gangan don su kalli zoben murjani ta taga, wasu su sauka Pohnpei su ga kangon Nan Madol, wasu Chuuk su yi nutso wurin jiragen ruwan Japan da aka nutsar a 1944. Su ne suka fi yayata ta, amma ba domin su take ba. Mafi yawan fasinjojin zango ɗaya ko biyu suke yi. Yarjejeniyar ƙawance da ta fara aiki a 1986 ta ba 'yan Tsibiran Marshall da Tarayyar Mikronesiya damar zama da aiki a Amurka ba tare da biza ba, dubbai sun koma Guam da Hawai da jihohi irin su Arkansas, wannan jirgi kuma shi ke kai su ya dawo da su. A cikinsa ake jigilar wasiƙu da magunguna da kayan gyaran injuna. Fasinjoji kan auna akwatunan ƙanƙara cike da kifi a matsayin kayansu, tsaraba ga dangi. Marasa lafiyar da asibitin tsibiri ya gaza a kansu da shi ake fitar da su zuwa Honolulu, ko Guam su zarce Manila, akwai ma kujerun da ake kwantarwa a ɗora gadon majinyaci.

Ga mutumin Kosrae, nisan da ke tsakaninsa da Honolulu a layi miƙaƙƙe bai kai na Guam zuwa Honolulu ba, amma babu jirgin da ke bin wannan layi. Sai ya jira ranar da mai lamba 155 zai biyo, ya tsaya tare da shi a Kwajalein da Majuro, sannan a ƙetara. In ruwan sama ya rufe titi jirgin ya wuce ta samansa bai sauka ba, mai tafiya makaranta da mai takardar ganin likita duk sai su koma gida su jira na gaba, wanda kan iya ɗaukar kwana biyu, uku ko fiye.